Farar Wuta, Gawayi da Kwalli: Tarihin Wasu Sinadarai da Sunayensu a Yammacin Katsina

1.0 Gabatarwa

Dalilin rubuta wannan maƙala wata 'yar takarda ce da wani ɗalibina, malamin makarantar sakandare daga ƙasar Batsari, ya kawo mini don in duba masa. Ya tsara jerin sunayen sinadarai da Hausa domin taimakon yaran ajinsa, waɗanda Turancin littafin kimiyya ke ba wahala. Aikin nasa ya yi kyau ƙwarai. A gaban salfa ya rubuta farar wuta, a gaban kabon ya rubuta gawayi, a gaban antimoni kuwa ya rubuta kwalli. Da na tambaye shi inda ya samo ta ƙarshen, sai ya ce ai haka take a ƙamus. Da gaskiyarsa, domin haka ake samun ta a ƙamusoshin Hausa da Turanci da dama. Sai dai fassarar farko ce kaɗai ta zauna daidai. Ta biyu tana bukatar ɗan gyara, ta uku kuwa kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke iya cutar da jariri.

Manufar maƙalar ita ce ta bi tarihin waɗannan abubuwa uku, tare da na huɗu, watau ƙanƙara, kamar yadda suka shiga rayuwar mutanen yammacin Katsina, musamman ƙasashen Batsari da Safana. Abin da ake son nunawa shi ne, Bahaushe ya san halayen abubuwan nan ta hanyar sana'a tun kafin littafin makaranta ya iso, kuma sau da yawa saninsa ya dace da na masana kimiyya. Amma sunan da ya raɗa sunan haja ne kamar yadda ake sayar da ita a kasuwa. Saboda haka duk wanda zai ɗauki sunan ya kai aji, wajibi ne ya fara sanin abin da ke cikin hajar.

2.0 Ƙarfe da Abin da Ba Ƙarfe Ba

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a share fage da bayanin yadda masana suka kasa sinadarai. Sinadari tilo shi ne wanda ba a iya warware shi zuwa wasu abubuwa ta hanyar ƙonawa ko narkarwa ko jiƙawa. Idan biyu ko fiye suka ƙullu suka zama abu guda mai sababbin halaye, an sami haɗaɗɗen sinadari ke nan. A shekarar 1789 masanin nan na Faransa, Antoine Lavoisier, ya buga jerin abubuwa 33 da yake ganin tilo ne, ya ware farar wuta da kabon da fosforas a rukunin waɗanda ba ƙarfe ba, ya kuma sa antimoni da arsenik cikin ƙarafa. A 1869 Dmitri Mendeleev na Rasha ya fito da jadawalin da ake amfani da tsarinsa har yau. Yanzu jadawalin yana ɗauke da sinadarai 118, kuma mafi yawansu ƙarafa ne.

Ƙarfe yana da sheƙi, yana baje jiki idan an buge shi, ana jan sa ya zama waya, zafi da lantarki suna ratsa shi da sauƙi. Waɗanda ba ƙarfe ba kuwa akasin haka suke. Da yawansu iska ce, kamar oksijin da naitirojin, masu ƙwarin cikinsu kuma gautsi gare su, da an buge su sai su ruguje, kuma galibinsu ba su bai wa lantarki hanya. Ta fuskar haɗuwa da wasu sinadarai ma akwai bambanci. Idan farar wuta ko kabon suka ƙone, hayaƙinsu kan narke a ruwa ya mai da shi mai tsami, alhali abin da ƙarafa da yawa ke bari bayan ƙonewa yana da hali irin na toka, watau mai kashe tsami. Tsakanin rukunan biyu akwai 'yan tsiraru masu kama da ƙarfe, waɗanda aka fi ƙidaya shida: boron, silikon, jamaniyam, arsenik, antimoni da teluriyam. Suna da sheƙin ƙarfe da gautsin abin da ba ƙarfe ba, lantarki kuma yana ratsa su rabi da rabi.

Idan mai karatu ya lura, awon farko na wannan rabo awon maƙera ne. Bahaushe yana da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da farin ƙarfe, yana da zinariya da azurfa da tagulla da dalma da kuza, kuma abin da ya tara su wuri ɗaya shi ne dukkansu suna karɓar masaba a kan uwar maƙera. Abin da ya farfashe a ƙarƙashin masaba sai a kira shi dutse ko gishiri ko ƙasa. Ita kanta kalmar sinadari daga maƙera ta fito, domin tun asali sunan abin da maƙeran fari ke liƙa ƙarfe da ƙarfe da shi ne. Daga baya ne aka faɗaɗa ma'anarta ta rufe dukkan abin da ilimin kimiyya ke nazari a wannan fanni.

3.0 Ƙasar Ruma da Dajin Rugu

Batsari da Safana suna yamma da birnin Katsina, sun yi iyaka da Zamfara, dajin Rugu kuma ya shimfiɗu a tsakani. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Ƙasa ce ta tudu da duwatsu da marmara, mai manoma da makiyaya da maharba da maƙera.

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora ta kafa sabon mazauni a Maraɗi, daga nan kuma ita da Gobirawa suka yi ta kawo hari. Wannan ya mai da yammacin Katsina bakin dāga har kusan ƙarshen ƙarni na 19. A zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, wanda ya yi mulki daga 1836 zuwa 1844, garuruwan yankin Ruma sun yi bore tare da goyon bayan Ɗanmari na Maraɗi. Aka murƙushe boren da ƙarfi, garuruwa da yawa suka zama kufai, daji ya haɗiye gonaki. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta wannan yanki a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Ya biyo ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, sa'an nan ayarinsu ya ratsa dajin da tafiyar dare don tsoron rundunar Gobirawa, har suka fita ta wajen Zurmi.

An kawo wannan taƙaitaccen tarihi ne don a ga irin bukatun mazauna wurin. Mutumin da ke noma a bakin dāga yana bukatar fartanya da gatari, yana bukatar kibiya da mashi da takobi, yana bukatar wuta a daji, daga baya kuma ya bukaci bindiga. Dukkan waɗannan ana ganin su kamar aikin ƙarfe ne zalla, amma babu ɗaya da zai samu ba tare da sinadaran da ba ƙarfe ba.

4.0 Gawayi

Gawayi itace ne da aka ƙona a rufe, inda iska ba ta isa ta cinye shi ya zama toka ba. Ruwa da mai da hayaƙi sukan fita, abin da ya rage galibinsa kabon ne. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da fifita gawayin ƙirya, saboda itacen yana da nauyi da tauri, gawayinsa yana daɗewa yana ci, kuma yana jure zuga-zugi.

Aikin gawayi wajen dafa tama ya wuce ba da zafi. Tama ƙarfe ne da ya ƙullu da oksijin, kamar yadda tsatsa take. Idan gawayi ya ci wuta a cikin murhun da aka gina, sai ya ba da wata iska mai ƙishirwar oksijin, ita ce ke ƙwace oksijin ɗin daga jikin tama ta bar ƙarfe. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Salsiyas, murhun gargajiya kuwa yakan tsaya wajen 1,200. Don haka ƙarfen ba ya zama ruwa, sai dai ya taru ya zama curi mai ramuka, wanda za a yi ta duka har ya haɗe. Abin da ke narkewa ya kwarara shi ne yashi da dattin tama, watau kashin maƙera, wanda ake tsinta a tsofaffin kufai.

Bugu da ƙari, kaɗan daga kabon ɗin yakan shige jikin ƙarfen, kuma shi ke raba ƙarfe mai laushi da mai ƙwari. Ƙarfen da ba shi da kabon sosai yana lanƙwasuwa, ya dace da fartanya da sarƙa. Wanda ya sha kabon kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, ko ƙasa da haka kaɗan, shi ne ke yin kaifi idan aka gasa shi aka tsoma a ruwa, ya dace da aska da takobi. Idan kabon ya yi yawa sai ƙarfen ya yi gautsi. Maƙeri ba shi da ma'auni, launin ƙarfe a wuta da amonsa a kan uwar maƙera su ke gaya masa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Wani halin kabon kuma shi ne ba ya narkewa a ruwa, ba ya ruɓa, rana ba ta koɗar da shi. Wannan ne ya sa tawadar da almajirai ke yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro take daɗewa a takarda. Maƙeri da malami, ashe, abu ɗaya suke amfani da shi.

To, ina gyaran da aka ce fassarar ɗalibina tana bukata? Gawayi kabon ne, amma kabon ya fi gawayi faɗi. Bakin fensirin da yaro ke rubutu da shi kabon ne, kuma lantarki yana ratsa shi, saɓanin sauran 'yan rukuninsa. Daimon, wanda babu dutsen da ya kai shi tauri, shi ma kabon ne zalla. Bambancinsu yana ga yadda ƙwayoyin suka jeru. Idan aka ce wa yaro kabon shi ne gawayi aka tsaya nan, ranar da aka ce masa daimon kabon ne zai ɗauka ba'a ake yi masa.

5.0 Farar Wuta da Albarushi

Farar wuta tana da wani suna, kibiritu, wanda aka aro daga Larabci. Ba a haƙar ta a ƙasar Katsina, fatake ke kawo ta, 'yan koli kuma su sayar. A ƙarni na 19 tsibirin Sisili na Italiya ne ke fitar da mafi yawan wadda duniya ke amfani da ita. Launinta rawaya ne mai haske, tana da gautsi, ba ta narkewa a ruwa, lantarki ba ya ratsa ta. Tana narkewa da zafin digiri 115 kacal, ta kama wuta da sauƙi, harshen wutarta kuma shuɗi ne mai dishi-dishi wanda da ƙyar ake ganin sa da rana, hayaƙinta yana shaƙe maƙogwaro. Sunan Hausar ya kama abu biyu daga cikin waɗannan halaye, watau hasken launi da saurin kama wuta. Abin da 'yan koli ke sayarwa da wannan suna kuwa shi ne sinadarin tilo da kansa, shi ya sa fassarar ta zauna daidai. Amfanin da aka daɗe ana yi da ita wajen maganin ƙazuwa, ta hanyar dakawa a kwaɓa da mai a shafa, likitancin zamani ma ya san shi.

Maƙeri bai son farar wuta kusa da aikinsa, domin ko kaɗan ce ta shiga ƙarfe sai ya riƙa tsagewa idan ana dukan sa da zafi. Sa'ar da maƙeranmu suka yi ita ce gawayin itace ba shi da ita sosai. Inda aka fi bukatar ta shi ne wajen albarushi.

Albarushi gauraye ne na abubuwa uku: gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri da ake tacewa daga ƙasar tsofaffin garke da kangaye, wanda ya ƙunshi naitirojin da oksijin. Kowanne da aikinsa. Farar wuta ita ke fara kamawa saboda ba ta bukatar zafi mai yawa, gawayi shi ne abincin wutar, gishirin kuma shi ke ba da oksijin daga jikinsa, ta yadda wutar za ta ci ko a cikin bututun da iska ba ta shiga. Cikin ƙiftawar ido gari kaɗan ya zama iska mai yawa mai zafi, ita ce ke tura harsashi. A nan gawayin ƙirya ba shi da amfani, gawayin itace mara nauyi irin na tumfafiya ake so, don ya fi saurin ci. Sanin cewa itace kaza na maƙera ne, itace kaza na bindiga ne, sani ne na halayen kabon, ko da mai shi bai taɓa jin kalmar ba.

Kalmomin wannan fanni suna nuna hanyar da abin ya biyo. Bindiga da albarushi da kibiritu duk daga Larabci suke, haka ma harsashi, wanda tushensa kalmar Larabci ce mai nufin dalma. A yawancin ƙarni na 19 bindiga ba ta da yawa a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, baka da kibiya mai dafi da mashi da doki su ne ƙarfin runduna. A rabin ƙarni na biyu ne ta yawaita, musamman a Damagaram, inda Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ya kuma sa ana ƙera igwa ana haɗa albarushi a birninsa. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasal a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushinta. Bayan da Turawan Ingila suka shiga Katsina a 1903, irin wannan bindiga ta koma kayan maharba da na 'yan bindigar sarki a ranar hawa. Abin takaici, rashin tsaron da ya dabaibaye ƙauyukan bakin dajin Rugu tun cikin shekarun 2010 ya sake mai da ita makamin kare kai a hannun talaka.

6.0 Ƙanƙara, Ƙyastu da Ashana

Bindigar da aka ambata ba ta tashi sai da ƙanƙara, haka ma ƙyastun da matafiyi ke ɗauka a jaka. Ƙanƙara a wannan ma'ana dutse ne mai tsananin tauri da kaifin baki. Idan aka ƙyasta ƙarfe a jikinta, ita ce ke kankaro 'yan mitsi-mitsin ƙarfe, zafin gogayya ya sa su kama wuta a cikin iska. Tartsatsin, watau, ƙarfe ne ke ci, dutsen wuƙa ce kawai.

Ƙanƙara da farin dutse da yashin rafi duk abu ɗaya ne a wurin masana: silikon da ya ƙullu da oksijin. Waɗannan biyu su ne mafi yawa a ɓawon ƙasa, oksijin kimanin kashi 46 cikin ɗari ta fuskar nauyi, silikon kimanin kashi 28. Duk da wannan yawa, ba a samun silikon shi kaɗai a ƙasa, kuma ba a ware shi ba sai a 1824, a hannun Berzelius na ƙasar Suwidin. Shi ne babban misalin masu kama da ƙarfe: yana sheƙi, yana fashewa kamar kwalba, kuma ana iya sarrafa yadda lantarki ke ratsa shi. Wannan hali na ƙarshe ne ya sa ake yin ƙwaƙwalwar wayar hannu da farantin sola da shi. Farantin da ke kan rufin mai cajin waya a kasuwar ƙauye da dutsen ƙyastun kakansa tushensu ɗaya. Amma a nan ma ba daidai ba ne a ce silikon shi ne ƙanƙara, sai dai a ce yana cikinta.

Abin da ya kori ƙyastu shi ne ashana, kalmar da ta zo mana ta bakin Yarabawa. Sirrin ashana fosforas ne, wanda wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ya fara warewa a 1669. Farinsa yana kama wuta da kansa a cikin iska, shi ya sa ake ajiye shi a ruwa. Jansa ya fi natsuwa, shi ne ake shafawa a gefen kwalin ashana. Fosforas ɗin nan da naitirojin su ne biyu daga cikin manyan abubuwa uku da ke cikin takin zamani, takin sufa kuma, wanda aka fara yi a masana'antar Kaduna a 1976, yana ɗauke da fosforas da farar wuta.

7.0 Kwalli

Yanzu sai mu koma kan fassara ta uku. Kwalli, ko tozali, ya yi zurfi a al'adar Bahaushe har harshe ya shaida. Daga gare shi aka sami kwalliya, kuma idan mutum ya ga wanda ya daɗe bai gani ba sai ya ce ya yi tozali da shi. Mata da maza suna sawa, amarya tana da tandunta, ana kuma ranbaɗa wa jariri tun yana ɗan kwanaki, da niyyar a gyara masa ido. Malamai sun san shi ta hanyar hadisan da suka yabi dutsen kwallin da Larabawa ke kira ismid.

A 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zaga kasuwar Kano, ya lissafa antimoni da kuza cikin hajojin da ya ce a ƙasar ake samun su. Ba shi kaɗai ba, Turawan wancan zamani sun saba kiran duk wani baƙin dutsen kwalli antimoni, domin da wannan kalma suka fassara ismid. Daga rubuce-rubucen matafiya kalmar ta shiga ƙamus, daga ƙamus ta shiga aji.

Akwai duwatsu biyu masu kama da juna a ido, dukkansu baƙi-baƙi masu sheƙi, dukkansu kuma akwai farar wuta a jikinsu. Ɗaya antimoni ne ya ƙullu da farar wuta, ɗayan kuma dalma ce ta ƙullu da ita, shi ne masana ke kira galina. Amma kama da wane ba ta wane. Dutsen antimoni yana tsagewa tsaye-tsaye kamar allurai, nauyinsa ya ninka na ruwa sau huɗu da rabi, kuma harshen kyandir ma yana narkar da ɗan gutsurensa. Galina kuwa yana farfashewa zuwa 'yan dunƙule masu kusurwa huɗu daidai wa daida, nauyinsa ya ninka na ruwa sau bakwai da rabi, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,100. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutsen kwalli a faifan ɗan koli ya ji nauyinsa, ya ga yadda yake ɓarewa, ya san wanne ne daga ciki. A Nijeriya ana samun galina a kwarin Binuwai, a wurare kamar Zurak ta ƙasar Wase da Arufu da Abakaliki, kuma an daɗe ana haƙar sa ana fataucinsa don kwalli. Ko a Misira ta dā, binciken da aka yi wa kwallin da aka tono daga kaburbura ya nuna galibinsa galina ne.

Tsantsar galina kashi 86 da ɗoriya cikin ɗari dalma ce, sauran farar wuta. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma fiye da kima a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Nijeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kawo daga gida, kuma awo ya nuna kashi 82.6 cikin ɗari na garin dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton a 2012, ta ambaci sunayen abin da Yarabanci da Hausa. Hanyar shigar dalmar a bayyane take: jariri yana murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yana gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Dalma tana taruwa a jiki, tana rage jini, tana daƙile girman ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa.

Mutanen yammacin Katsina ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma, domin maƙwabtansu sun ɗanɗana. A 2010 aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya masu dalma, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta kashe yara aƙalla 400. Wancan bala'i na haƙar zinariya ne, amma sinadarin ɗaya ne. Ya kamata kuma a faɗa cewa akwai kwallin da ake yi da baƙin hayaƙi, wanda kabon ne, sa'an nan shi kansa antimoni yana da nasa dafin. Abin nufi shi ne, kalma ɗaya ta rufe hajoji daban-daban, fassarar ƙamus kuma ta ɓoye wadda ta fi haɗari. Malamin da ya koya wa ɗalibai cewa kwalli antimoni ne, sa'an nan a wani darasin ya koya musu cewa dalma guba ce, ya raba abu biyu da ya kamata yaran su haɗa.

8.0 Kammalawa

Tun da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta yi kira da a fara koyar da yaro da harshensa, masana Hausa suka duƙufa wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, kuma an fi karkata ga ɗauko tsohuwar kalma duk inda aka same ta. Wannan hanya ce mai kyau, amma misalan da aka kawo sun nuna tana da sharaɗi. Farar wuta ta cancanci ta tsaya a madadin salfa kai tsaye. Kabon da silikon gara a bar su da sunayen aro, a kawo gawayi da ƙanƙara a matsayin misalan inda ake samun su. Antimoni ma a bar shi da sunansa, a kuma gyara bayanin kwalli a ƙamusoshinmu ya nuna cewa dutsen da aka fi sani da wannan suna haɗin dalma ne da farar wuta.

Aiki biyu ne suka rage, kuma ɗaliban manyan digiri za su iya ɗaukar su. Na farko, a haɗa hannu da sassan kimiyya na jami'o'inmu a sayo kwalli da sauran kayan koli daga kasuwannin Batsari da Safana a auna su, domin kowane suna a san abin da ke ƙarƙashinsa. Na biyu, a zauna da tsofaffin maƙera da maharban yankin a rubuta kalmomin sana'arsu da bayanin yadda suke rarrabe tama da gawayi da duwatsu. Dafa tama ya mutu a hankali bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya cika kasuwanni da ƙarfen Turai, rashin tsaro kuma ya tarwatsa ƙauyuka da dama na bakin daji. Waɗanda suka gaji wannan sani daga iyayensu tsufa ya cim musu, don haka aikin na gaggawa ne.